Sankarar Babban Hanji: Ana Warkewa Kuwa?

Tambaya: Likita, an gano mahaifina yana da sankarar babban hanji, kuma hankalinmu ya tashi ƙwarai. Shin ana warkewa daga wannan cuta?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Wannan sankara ita ce ta uku wajen yawa a duniya, ta biyu kuma wajen kisa, domin a shekarar 2020 an samu sababbin masu ita fiye da miliyan 1.9, sama da 930,000 kuma suka rasu. Sai dai makomar mara lafiya ta dogara ne kan lokacin da aka gano ta. A Amurka, idan ba ta wuce hanji ba, kusan 90 cikin 100 suna kaiwa shekara biyar a raye. Idan kuwa ta bazu zuwa hanta ko huhu, adadin bai kai 20 cikin 100 ba. Saboda haka ku tambayi likitansa matakin da take.

Ku 'ya'yansa ma, a ganina, kada ku yi sakaci, tunda haɗarinku ya ƙaru: ku nemi gwajin leƙa hanji da kyamara, wanda ke cire ƙananan tsiro tun kafin su rikiɗe su zama sankara.