Na'urar awon ƙasa ta ce babu asid: shin rijiyarmu ta tsira?

Tambaya: Malam, bayan garinmu akwai tulin ɓaraguzan dutsen da masu haƙar zinare suka bari. Da damina ruwa ja kamar tsatsa yake tsattsafowa daga gindinsa, rijiyar burtsatsenmu kuma tana gangare, kimanin mita 300. Mun kira mai awon ruwa, ya kafa turakunsa a wuri ɗaya, ya ce babu asid. Yara na sha. Mu kwantar da hankali?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ku kwantar tukuna. Jan ruwan nan alama ce ta fairait, dutsen nan mai ƙyalli kamar zinare, ya haɗu da iska da ruwa yana fitar da asid. Shi ne abin da ya ɓata rafin Ekulu daga tsofaffin ramukan kwal na Inugu.

Abin da ke ɓata min rai kullum shi ne maganar "na'ura ta gani". Na'urar ba ta ganin asid. Wutar lantarki take turawa ƙasa, ta auna yadda take wucewa. Ruwan asid cike yake da gishirin salfet da ƙarfe narkakke, don haka wuta na ratsa shi cikin sauƙi, awon yakan faɗi ƙasa da om-mita 10 (om-mita ma'aunin yadda ƙasa ke tare wuta ne). To amma jiƙaƙƙen yumɓu ma haka yake nunawa, haka dutse mai garafait (baƙin ma'adinin da ke cikin fensir), haka bututu ko shingen waya da ke kusa. Launin da ake nuna muku a kwamfuta, mai awon ne ya zaɓe shi. Mafi muni, dalma da asinik, gubobin da irin wannan ruwa kan ɗauko: iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa kowannensu miligiram 0.01 ce a lita, adadin da ba ya ko motsa allurar na'ura. Asinik kuma yakan ci gaba da tafiya bayan asid ya mutu a hanya. Wanda ya auna wuri ɗaya ya karɓi kuɗi ya ce a sha, ganganci ya yi da ran yara. Masu yawo da lanƙwasassun wayoyi biyu suna neman ruwa kuwa, ba ma sa cikin lissafi.

Aikin gaskiya layi-layi ake yi. A jera turaku 48, tazarar mita 5, layin ya kai mita 235, ya leƙa zurfin wajen mita 40. A ja layi biyu ko uku a gicciye tsakanin tulin da rijiya, ɗaya kuma a tudu inda gurɓata ba ta kai ba, don kwatance. Idan ɓaraguzan sun bushe, a jiƙa gindin turaku da ruwan gishiri, in ba haka ba wuta ba za ta shiga ba. A auna a watan Maris, a maimaita a Satumba: yumɓu yana nan inda yake, gurɓataccen ruwa kuwa faɗinsa da ƙarfinsa kan canja.

Taswirar da awon nan ke fitarwa wurin haƙa ƙaramar rijiyar gwaji kawai take nunawa. Hukunci na ɗakin gwaji ne: a auna pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, nan take a bakin rijiya, a tace ruwan, a raba shi kwalba biyu, a ɗiga wa ɗaya asid na naitirik kafin a tura, a nemi dalma, asinik da kadmiyam (wani ƙarfe mai guba) a cikinta, a nemi salfet a ɗayar da ba a sa wa asid ba. Kafin sakamako ya fito, ku ɗebo wa yara ruwa daga tudu. Tafasawa ba ta cire dalma.