Kun Tambaya, Mun Amsa: Idan jarrabawar SAT ta yi sauƙi, me ya sa maki ke sauka?

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga SAT da ACT, jarrabawa biyu da jami'o'in Amurka da dama ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibi. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta rubuta SAT sau biyu. A karo na biyu ta fito tana murna, ta ce lissafin bai ba ta wahala ba ko kaɗan, amma da sakamako ya fito sai makin lissafinta ya sauka daga 590 zuwa 560. Wani ya ce mana yaran da suka zauna ranar ne suka yi ƙoƙari sosai, shi ya sa aka danne makin kowa. Haka abin yake? *Wata uwa daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba haka ba ne. Akwai malaman da kan duba ƙoƙarin aji gaba ɗaya kafin su raba maki, idan kowa ya ci sai su tsaurara. College Board, hukumar da ke shirya SAT, ba ta bin wannan hanya. Ko da duk waɗanda suka zauna tare da 'yarki haziƙai ne, makinta ba zai motsa ba saboda su.

Abin da hukumar ke yi shi ne daidaita maki tsakanin zama da zama. Ana rubuta SAT sau da yawa a shekara, kuma tambayoyin ba ɗaya ba ne. Komai ƙwarewar masu tsarawa, sai wani zaman ya ɗan fi wani tsauri. Don kada wanda ya faɗa kan mai tsauri ya cutu, ba a bayar da sakamako da yawan amsoshin da aka ci. Ana mayar da su kan ma'auni guda: lissafi daga 200 zuwa 800, karatu da rubutu daga 200 zuwa 800, jimilla daga 400 zuwa 1600. Kamar mai sayen hatsi ne a kasuwanni biyu da mudunsu ya bambanta: ba yawan mudu zai ƙirga ba, nauyin abin da ya shiga buhu zai duba. Idan tambayoyi suka yi wuya, kuskure ɗaya ba ya cin maki sosai. Idan suka yi sauƙi, kowane kuskure da tsada yake zuwa.

An ga haka ƙarara a watan Yunin 2018, lokacin da ake rubutawa a takarda. Lissafin wannan zaman ya fi na kullum sauƙi, sai ɗaliban da suka yi kuskure kaɗan suka ga makinsu ya yi ƙasa fiye da yadda suka saba. Suka yi ta ƙorafi a intanet suna neman a sake lissafa makin. Hukumar ta ƙi, ta ce daidaitawar ta yi aikinta. A ganinmu ɗaliban suna da hujja ta wani ɓangare, domin jarrabawa mai sauƙi da yawa ba ta iya bambance gwani da gwanin gwanaye, ɗan tuntuɓe ɗaya sai ya ja mutum ƙasa.

Amma batun 'yarki yana iya samun wani dalilin. Tun Maris 2023 a ƙasashen da ke wajen Amurka, da Maris 2024 a Amurka, a kwamfuta ake rubuta SAT, ta manhajar Bluebook. Kowane fanni kashi biyu ne. Kashin farko gauraye yake, akwai masu sauƙi, matsakaita da masu wuya. Ƙoƙarin ɗalibi a cikinsa shi ke yanke irin kashi na biyu da za a ba shi. Wanda ya yi kyau a farko sai a ba shi mai tsauri, wanda ya yi rauni a ba shi mai sauƙi. Wanda aka tura mai sauƙin, ko da ya cinye tambayoyinsa duka, ba zai kai ƙololuwar maki ba. Saboda haka idan yarinya ta ce kashi na biyu ya zo mata da sauƙi sosai, wani lokacin alama ce ta cewa ta zubar da amsoshi a na farko.

Abu na ƙarshe, ki duba takardar sakamakonta. Za ki ga an ba da tazara ta kusan maki 30 sama ko ƙasa a kowane fanni, da kusan 40 a jimilla. Ma'anarsa, ɗalibi ɗaya da iliminsa bai canza ba zai iya samun 560 yau, 590 wani watan. Saukar da kika gani tana cikin wannan tazarar, ba shaida ba ce cewa ta koma baya.

Tambaya: Malam, abokaina sun ce akwai watan da jarrabawar ta fi sauƙi. Wane wata zan zaɓa? Kuma idan ban san amsa ba, in bar wurin ko in cika? *Ɗalibi daga Zariya*

Amsa: Ɗana, babu watan da za ka ci riba a kansa, domin duk sauƙin da ka samu a tambaya za a karɓe shi a wurin juya maki. Ka zaɓi ranar da ka san ka gama shiri, wadda kuma sakamakonta zai fito kafin jami'ar da kake nema ta rufe karɓar takardu. Yakan ɗauki kusan mako biyu.

Kada ka bar tambaya ko ɗaya babu amsa. Tun 2016 aka daina cire maki saboda amsar da ba daidai ba. Idan ka ga littafin da ke cewa a bar abin da ba a sani ba, tsohon bugu ne na zamanin da ake cire rubu'in maki, ka ajiye shi.

Tambaya: Ina koyar da masu shirin SAT. Ɗalibaina biyu sun gwada jarrabawar gwaji, yawan amsoshin da suka ci ɗaya ne, amma makinsu ya bambanta. Ta yaya zan bayyana musu, kuma a ina zan fi sa ƙarfi? *Malamin lissafi daga Abuja*

Amsa: Malam, a tsarin kwamfuta ba yawan amsa kaɗai ake dubawa ba, har da waɗanne tambayoyi aka ci. Kowace tambaya an san nauyinta tun kafin ranar. Yadda ake sani shi ne, a kowane kashi ana cusa tambayoyi 2 na gwaji waɗanda ba sa shiga maki, a ga yadda ɗalibai masu ƙarfi daban-daban suka amsa su, sannan a yi amfani da su a gaba. Ɗalibi ba zai gane su ba, don haka ka hana su ɓata lokaci wajen hasashe. Wanda ya ci amsa 30 da kashi na biyu mai tsauri zai fi wanda ya ci 30 da mai sauƙi.

Ga lissafin lokacin da ya kamata su haddace. Karatu da rubutu tambaya 54 ne a minti 64, wato 27 a minti 32 kowane kashi, kusan daƙiƙa 71 ga tambaya ɗaya. Lissafi tambaya 44 ne a minti 70, wato 22 a minti 35, kusan daƙiƙa 95 ga kowace. Akwai hutun minti 10 a tsakanin fannonin biyu. A cikin kashi ɗaya ɗalibi yana iya yi wa tambaya alama ya dawo mata, amma da zarar an wuce zuwa kashi na biyu, ƙofar na farko ta rufe.

Inda ɗalibai suka fi lalata makinsu shi ne gaggawa a kashin farko. Suna ganin tambaya mai sauƙi sai su raina ta: a nemi ƙimar 2x su ba da ƙimar x, ko su manta alamar ragi, ko su rubuta amsa a minti alhali an nema a awa. Irin wannan kuskuren cuta biyu yake yi, ya ci makin tambayar, ya kuma iya tura yaro kashi mai sauƙi. Ka koya musu su tanadi minti huɗu ko biyar a ƙarshen kashin farko don sake karanta abin da aka tambaya, ba don sake yin lissafin ba.

Wajen rabon darasi, aljabara da lissafi mai zurfi su ne kusan kashi 70 cikin 100 na tambayoyin, sauran kuma nazarin alƙaluma da ilimin siffofi. Kusan rubu'in tambayoyin lissafi babu zaɓi, ɗalibi ne zai rubuta amsarsa. Na'urar lissafi ta Desmos tana cikin manhajar, kuma wanda ya saba zana jadawali da ita yana warware wasu tambayoyin cikin daƙiƙoƙi. Su yi gwajinsu a Bluebook ɗin kanta, kyauta ne, domin gwajin takarda ba ya sauya kashi na biyu bisa ƙoƙarin ɗalibi.

Tambaya: Ɗana ya sami 1300. Makin kirki ne, ko ya koma ACT? *Wani uba daga Kumasi*

Amsa: Alhaji, matsakaicin makin waɗanda suka gama sakandare a 2024 shi ne 1024, ka ga ɗanka ya wuce shi da nisa. Amma kirkin maki ya danganta da jami'ar da ake nema. Yawancinsu suna wallafa tazarar makin rabin ɗaliban da suka ɗauka, wato na tsakiya. Ka nemi wannan, ka ga ko 1300 yana ciki. Dokokinsu ma sun bambanta: jami'ar MIT ta dawo da wajabcin jarrabawar a 2022, Harvard da Dartmouth suka sanar da haka a 2024, su kuwa jami'o'in da ke ƙarƙashin Jami'ar Kalifoniya ba sa duba makin sam.

ACT ma tana daidaita maki, ma'auninta daga 1 zuwa 36, don haka ba mafaka ba ce daga abin da muka bayyana a sama. Bambancinta shi ne tambayoyinta ba sa sauyawa bisa ƙoƙarin ɗalibi. A teburin kwatance da hukumomin biyu suka fitar a 2018, maki 30 a ACT ya yi daidai da 1360 zuwa 1380 a SAT. Ɗanka ya gwada cikakken gwajin ACT ɗaya da agogo a gabansa, ku kwatanta. Idan bai zarce ba, ya tsaya a SAT ya sake zama. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar mafi girman makin kowane fanni daga zama daban-daban su haɗa, don haka ya duba fannin da ya fi rauni a takardar sakamakonsa, ya ba shi mafi yawan lokacin karatu kafin zama na gaba.