Tambaya da Amsa: Haƙoran Dodon Teku a Wani Shago a Kumasi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, cikin Kumasi. Wani abokin cinikina da ke zuwa Maroko saro kaya ya kawo mini tsarabar dunƙulen dutse mai launin rairayi, a jikinsa akwai muƙamuƙi da haƙora shida a jere. Ya ce na wani dodon teku ne da ya ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. Tun da na ajiye shi a shago ake gardama a kansa, wasu su ce na kada ne, wasu su ce ƙirar hannu ce. Ɗana da ke sakandare ya matsa mu fara tara irinsa. Shin abin nan na gaske ne? Kuma ana samun irinsa a Ghana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bisa yadda ka siffanta shi, zato mafi ƙarfi shi ne haƙoran na gaske ne, muƙamuƙin kuwa haɗi ne, saboda haka masu cewa ƙirar hannu ce sun taɓo wani ɓangare na gaskiya.

Dabbar da ake nufi ita ce masana ke kira mosasor. Ba kada ba ce, ba kuma dainoso ba, wato dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, ko da yake zamaninsu ɗaya. Danginta na kusa a yau su ne su guza da damo da macizai. Ka ƙaddara guza ce ta koma rayuwar teku ɗungurungum, ƙafafunta suka zama filafilai, jelarta ta zama abin tuƙi, har manya daga cikinsu suka haura mita 12. Sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da dainoso. An fara tono ƙoƙon kanta a 1764 a wata mahaƙar dutse kusa da Maastricht a ƙasar Holan, kuma sunan ya samo asali ne daga kogin Maas da ya ratsa garin. Ƙoƙo na biyu da aka samu a can, sojojin Faransa ne suka tafi da shi Paris, inda masani Georges Cuvier ya nazarce shi a 1808, ya tabbatar cewa wani ƙaton ƙadangaren ruwa ne wanda babu irinsa a raye.

Dalilin da ya sa haƙoranta suka yawaita a kasuwa shi ne, a yankin Khouribga na Maroko ana haƙar fosfet da ake yin takin zamani da shi, kuma wannan ma'adini ba komai ba ne illa shimfiɗar ƙasan wani tsohon teku. Mosasor kuwa tana zubar da haƙori ta tsiro wani a duk tsawon rayuwarta, don haka haƙoran da ke warwatse ba su ƙirguwa, alhali cikakken muƙamuƙi sai an tona. To, da yake muƙamuƙi ya fi tsada, sai wasu masu sana'ar suka koma tattara haƙora na gaske, su jera su a kan guntayen ƙashi ko filasta, su kwaɓa yashi da gam su lulluɓe, abu ya fito tamkar yanzu aka ciro shi daga rami.

Kana iya gwadawa da kanka a shago. Ka fito da shi cikin hasken rana, ka dubi gindin kowane haƙori. A muƙamuƙi na gaske, haƙori yana zaune ne a kan saiwa mai kauri wadda ta nutse cikin ƙashi, sau da yawa kuma akan ga wani ƙaramin haƙori yana leƙowa daga gefen ciki, yana jiran ya maye gurbin babba. A na haɗi kuwa, za ka ga ɗan zobe na yashi mai santsi ya kewaye wuyan haƙorin kamar an shafa da yatsa, haƙoran sun yi tazara daidai wa daida, wani lokaci ma wannan ya karkata gaba wancan ya karkata baya, domin ba daga baki ɗaya suka fito ba. Sannan ka jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ka ɗan shafa a wani lungu na baya. Idan wurin ya yi danƙo, ko launi ya biyo audugar, to gam ne da fenti. Fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita ma tana taimakawa, domin a ƙarƙashinta gam da filasta sukan yi wani haske dabam da na ƙashi. Ko da gwajin ya nuna haɗi ne, kada ranka ya ɓaci da abokinka, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Haƙoran suna nan da darajarsu.

Game da Ghana, komai ya dogara ne ga shekarun dutse. Duwatsun da Kumasi ke zaune a kansu, waɗanda zinariyar Obuasi ke fitowa daga irinsu, sun kai shekara biliyan 2, wato sun daskare tun babu wata halitta mai ƙashi a doron ƙasa, don haka haƙa a nan ɓata ƙarfi ne. A gaɓar tekun Accra akwai duwatsun da suka haura shekara miliyan 350, an kuma samu burbushin ƙananan halittun ruwa masu ɓawo a cikinsu, amma su ma sun girmi waɗannan dabbobi nesa ba kusa ba. Waɗanda shekarunsu suka dace su ne duwatsun farar ƙasa na wajen Nauli, can yamma kusa da iyakar Kodebuwa.

Amma abin da na fi so ɗanka ya ji shi ne wannan. A ƙarshen zamanin dainoso, wani hannun teku mara zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya malale yankin da yau ake kira Sakkwato da Tawa. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, William Swinton, ya bayyana ƙasusuwan mosasor da aka samo daga lardin Sakkwato, sannan a 1972 wasu masanan Italiya, bayan sun samo ƙoƙon kai, suka raɗa wa dabbar suna Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo, wani gari a ƙasar Sakkwato. Bakinta dogo ne siriri, haƙoranta miƙaƙƙu, ta fi kama da kada fiye da sauran danginta. A Nijar ma akwai wata mai dakusassun haƙora na fasa ɓawo, wadda aka sa wa sunan Igdaman, wurin da aka same ta. Da yawa daga cikinmu mazauna Zango kakanninmu daga wannan ƙasa suka biyo hanyar fataucin goro zuwa Gwanja da Asante, amma kaɗan ne suka taɓa jin cewa a littattafan kimiyya na duniya akwai dabbar teku mai ɗauke da sunan garin Hausa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin 'ya'yanmu suna haddace sunayen da suke gani a talabijin, ba su san na gida ba.

Yadda aka iya cewa wannan dabba ta Goronyo ce shi ne darasin da mai tarawa ya fi buƙata. Waɗanda suka ɗauko ta sun rubuta inda suka same ta da kuma shimfiɗar dutsen da take ciki. Ƙashin da aka raba da wannan bayani ya zama kayan ado kawai, babu masanin da zai iya gina hujja a kansa. Saboda haka kafin ku ƙara sayen komai, ku sayi littafin rubutu. Kowane ƙashi a ba shi lamba, a rubuta ƙasar da ya fito, garin, ranar da ya shigo hannunku, wanda ya kawo shi, da abin da ya faɗa a kansa. Ku fara da haƙora ɗai-ɗai, waɗanda ba su da tsada kuma ba a cika yin jabunsu ba, ku guji cinikin biri a sama ta intanet. Ku tambayi takardar izinin fitarwa idan abin babba ne, domin ƙasashe sun farka: a 2017 an janye ƙwarangwal ɗin wata dabbar teku mai dogon wuya daga gwanjo a Paris bayan Maroko ta yi ƙorafi. Idan kuma Allah Ya sa wata rana kuka ci karo da ƙasusuwa a jere cikin dutse, kada ku ɓamɓare su. Ku ɗauki hoto tare da wani abu a gefe da zai nuna girma, ku kai wa Hukumar Binciken Ma'adinai da Duwatsu ta Ghana, ko sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan kusa da ku. Ina kuma roƙonka kada ka bari kowa ya kankare shi don haɗa magani. Ba ƙashi ba ne yanzu, ma'adini ne, kuma fosfet ɗin Maroko yana ɗauke da ɗan burbushin yuraniyom, wani ma'adini mai cutar da jiki, ƙurarsa ba abar shaƙa ko sha ba ce.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Nima, Accra. Ƙanena da ke Ingila ya aiko mini da wani ƙashi baƙi mai kewaye kamar murfin kwalba, mai loɓawa ta fuska biyu, ya ce a bakin tekun Lyme Regis aka tsinto shi. Ina nuna wa ɗalibaina shi, amma yanzu wani gari fari da rawaya ya fara fitowa a jikinsa.

AMSA: Malama, Allah Ya saka da alheri da kike kai irin wannan aji. Siffar nan ta gaɓar ƙashin bayan iktiyosor ce, dabba mai kama da kifi wadda take shaƙar iska kuma take haihuwa. A Holzmaden ta Jamus an samu uwaye da 'ya'ya a cikinsu. Gaɓar mosasor ta bambanta, domin gabanta ne a loɓe, bayanta a tulluƙe. Ki gaya wa 'yan matan ajinki cewa a wannan gaɓar teku ce Mary Anning, 'yar wani talakan kafinta, ta tono gangar jikin iktiyosor a 1812 tana da shekara 12 zuwa 13, bayan yayanta Joseph ya samo kan, sannan a 1823 ta samo cikakken filesiyosor na farko, mai dogon wuyan nan.

Garin da kike gani kuwa alamar ciwo ce. Ƙasusuwan yankin sukan ƙunshi wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta, wanda idan ya haɗu da danshi sai ya fara ruɓewa yana fitar da asid, kuma iskar Accra ba ta rabuwa da danshi. Kada ki wanke shi da ruwa, kada ki shafa masa mai ko fenti. Ki kakkaɓe garin da busasshen buroshi mai laushi, ki wanke hannunki bayan haka, ki sa ƙashin cikin robar da murfinta ke rufuwa ruf, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ki riƙa sauya su musamman da damina. Takardar bayaninsa kuma ki ajiye ta a waje da robar, domin asid ɗin yana cin takarda, ki ɗauki hotonsa ta fuska biyu tun yanzu da siffarsa ba ta lalace ba.