Likita, da gaske na'urar gem za ta iya taya masu bincike neman magani?

Wani matashi ya rubuto: "Likita, ina da PlayStation da kwamfutar gem, da dare suna zaune ba aiki. Wani aboki ya ce ana iya ba da aronsu ga masu binciken cututtuka ta intanet. Gaskiya ne, ko zuƙi-ta-malle ce?"

Gaskiya ne, ɗana, amma akwai gyara a maganar abokin naka. Bari mu fara daga jiki. Kusan duk aikin da ake yi a cikin ƙwayar halitta furotin ke yin sa, shi kuwa furotin kamar carbi yake, an jera shi da 'ya'ya iri 20 da ake kira amino asid. Zaren ba ya aiki a miƙe, sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman. Idan siffar ta sami matsala, cuta ta samu. Dubi sikila: ɗan carbi ɗaya tal ne ya sauya a sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, sai ga ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ga ciwon ƙashi da ke hana yaro barci. A cutar Alzheimer da ta Parkinson kuma, wasu furotin ne ke naɗuwa ba daidai ba, su dunƙule a ƙwaƙwalwa.

Matsalar ita ce wannan naɗewa tana faruwa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kafin kwamfuta ta kwaikwayi kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa guda na motsin furotin, sai ta yi taku kusan biliyan 500 na lissafi. Kwamfuta ɗaya za ta tsufa a kai. Shi ya sa a shekarar 2000 Farfesa Vijay Pande na Jami'ar Stanford a Amurka ya kafa Folding@home, wanda aikin gayya ne tsantsa: a yanyanka lissafin gutsi-gutsi, a tura wa kowace na'ura nata, ta gama ta mayar, a harhaɗa.

Ga gyaran. PlayStation 3 ce ta shiga wannan gayya a watan Maris na 2007, kuma a shekarar ne shirin ya shiga kundin Guinness a matsayin haɗakar kwamfutoci mafi ƙarfi a duniya. Kamfanin Sony ya rufe ƙofar a 2012, bayan mutane sama da miliyan 15 sun ba da tasu gudummawar. PlayStation 4 da 5 ba su cikin shirin. Kwamfutarka ce mai amfani yanzu, musamman sashen nan mai zana hotuna da ku masu gem kuke kira GPU, domin ya fi sauran sassan sauri nesa ba kusa ba a irin wannan lissafi. A lokacin korona, cikin Maris na 2020, jama'a suka yi dafifi har ƙarfin shirin ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, ya ninka kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi a wancan lokaci sau da dama.

Wata baiwar Allah ta ce: "Mahaifiyata tana fama da mantuwa, har sunana kan ɓace mata. Idan na bar kwamfutata tana wannan aiki dare da rana, za a samo mata magani?"

Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Ba zan yi miki romon baka ba: abin da kwamfutarki za ta lissafa bana ba zai zama ƙwayar da Mama za ta sha baɗi ba. Wannan bincike tushe yake haƙawa. Yana nuna wa masana inda furotin ke buɗe wata ƙaramar kafa da magani zai iya maƙalewa, kamar yadda aka gano a wani furotin na ƙwayar cutar Ebola. Daga nan sai ɗakin gwaji, sai dabbobi, sai mutane, tafiyar da kan ci shekara goma ko fiye, kuma yawancin magungunan da aka fara gwadawa a hanya suke faɗuwa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ba ki ce likita ya duba ta ba. Ba kowace mantuwar tsufa ce Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙululun maƙoshi da ake kira tayrod, ciwon damuwa, har da wasu magungunan barci, duk suna kawo ruɗewa, kuma ana iya magance su. Ki tattara duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya, ki tafi da su asibiti. Ko da Alzheimer ɗin ce, akwai magunguna irin su donepezil da ke ɗan sassauta alamun, ko da yake ba sa warkarwa.

Wata uwa kuma: "Ɗana yana barin kwamfuta a kunne a ɗakin barcinsa har asuba, wai taimakon bincike yake yi. Tururin da take fitarwa ba zai jawo masa cutar kansa ba?"

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Abin da kwamfuta da wayifai ke fitarwa ba irin hasken hoton ƙashi ba ne da ke iya lalata ƙwayoyin halitta. Abubuwan dubawa su ne zafi da ƙara da haske. Na'urar da ke cin wat 300 tamkar ƙaramar hita ce a ɗaki, fankarta na gurnani, fitilunta na walƙiya, ga shi barci mai kyau yana son sanyi da duhu da shiru. In yaron yana tashi a gajiye, a fitar da ita falo. Ku kuma yi lissafin wuta: wat 300 na tsawon awa 8 yunit 2.4 ne kowane dare, kuma wanda ke biyan kuɗin yana da ta cewa.

Laftof kuwa kada a kuskura a bar ta kan katifa ko bargo, domin hancinta na toshewa, ta ɗau zafi. Idan kika ga batirin ya kumbura har madannai sun ɗago, a kashe ta nan take a kai wa mai gyara, gobara ce ke sallama. A cinya ma ba wurinta ba ne. Na sha ganin fatar da zafin laftof ya bar wa tabo mai kama da raga.

Ta ƙarshe, daga wani ma'aikaci: "Masu shirin ba za su leƙa takarduna da hotunana ba?"

Malam, manhajar shirin, lissafi kawai take karɓa ta mayar, ba ruwanta da fayilolinka, kuma ba ta neman bayanan lafiyarka. Hatsarin yana wurin na jabu, masu fakewa da sunan bincike suna haƙar kuɗin kirifto da wutarka. Ka sauke daga shafin shirin kansa: Folding@home, ko makamantansa irin su Rosetta@home na ɗakin binciken David Baker, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ko World Community Grid da IBM ta kafa a 2004, wanda ya yi ayyuka kan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau. Tun da ka ce ma'aikaci ne kai, in kwamfutar ta ofis ce, nemi izini a rubuce kafin ka sa mata komai.