Kafin Ka Sayi Sabuwar Bariyomita, Duba Bututun Wutsiya

*Tambaya: Ni da abokina mun haɗa kuɗi mun sayi tsohon jirgin sama mara inji samfurin LS4. Bariyomitar da ke ciki, wato na'urar da ke nuna saurin hawa ko saukar jirgi, mai allura ce, ba ta da sauti, kuma duk sanda na ja sandar tuƙi sai ta nuna mini ina hawa sosai alhali babu wata iska mai ɗaga ni. Ina so in cire ta in sa ta zamani. Wacce zan saya?*

Ɗan'uwa, mai da kuɗinka aljihu tukuna. Abin da ka bayyana bai yi kama da laifin na'urar ba, kuma idan ka ɗora sabuwa a kan wannan matsala, ƙaryar nan za ta ci gaba da yi maka, sai dai yanzu da ƙara.

Ga yadda taka take aiki. A bayan allon na'urori akwai filas, galibi mai cin lita 0.45, an haɗa shi da bariyomita. Idan jirgi ya hau, matsin iskar waje yana raguwa, sai iskar cikin filas ta kwararo waje ta tura wata 'yar farfela, allura ta ɗaga. Idan ya sauka, iska ta koma ciki, allura ta yi ƙasa. Shi ke nan. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da Robert Kronfeld ya fara tashi da irinta a tsaunin Wasserkuppe na Jamus, tushen dabarar bai sauya ba.

Matsalar ita ce filas bai san dalilin hawanka ba. Ko iska mai ɗumi ce ta ɗaga ka, ko kai ne ka ja sanda ka musanya gudu da tsayi, duk ɗaya ne a wajensa. Wannan na biyun hawan ƙarya ne, domin ba ka samu komai ba, gudunka ka kashe. Maganinsa shi ne siririn bututun nan da ake sokawa a gaban wutsiya kafin tashi, mai lanƙwasa a baki da ƙananan huda a bayansa. Yana samar da zuƙo daidai da gudun jirgi, yadda idan ka ja sanda, raguwar zuƙon za ta soke raguwar matsin iska, allura ta nuna abin da iskar waje ke yi maka kawai, tare da nutsewar da jirgi ke yi da ma.

To a tsohon jirgi, nan ne ake samun ɓaraka. Robobin da ke cikin ramin bututun sun bushe, ko tiyon da ya taso daga wutsiya ya tsage, ko wani ya taɓa lanƙwasa bututun garin rufe jirgi da tamfol. Yoyo kaɗan ya isa. Ka sa mai duba jiragen kulob ɗinku ya gwada layin gaba ɗaya, kuma kada ka kuskura ka hura iska da baki cikin tiyon da ke haɗe da na'ura, take za ka lalata ta. Bayan gyara, ka tashi da sassafe lokacin da iska ke kwance, ka ƙara gudu zuwa kamar kilomita 150 a awa, sannan ka ja sanda a hankali. Idan allura ba ta tsallake sifili ta koma bangaren hawa ba, an dace.

Sai bayan nan maganar saye. Mai allurar nan kada ka cire ta. Ba ta cin batir, ranar da wuta ta ɗauke maka kana nesa da fili ita ce za ta kawo ka gida. Ka ƙara mai lantarki mai sauti a gefenta. Sautin ba ado ba ne: a cikin iska mai tashi sau da yawa jirage da dama ke zagaye tare, idonka waje ya kamata ya kasance, kunne ya ji hawan. Ka auna ramin da ya rage a allonka kafin ka yi oda, milimita 57 ne ko 80, ka kuma duba zurfin bayansa. In za su yi tarayya a bututu ɗaya, a raba tiyon nesa da na'urorin, can wajen wutsiya gwargwadon iko, saboda iskar da ke shiga da fita filas tana iya rikita mai lantarkin.

*Tambaya: Ban daɗe da fara tashi ni kaɗai ba, ina shirin fara tafiya mai nisa. Na ga na'urori irin na LXNAV da Borgelt da ClearNav, wasu da abubuwa barkatai. Me nake bukata da gaske?*

Malama, duk kamfanonin da kika ambata sanannu ne a harkar, don haka ki bar batun suna, ki dubi aiki. Bayan sauti, abin da na fi ba muhimmanci shi ne matsakaicin hawa, wato lambar da ke tara abin da kika samu cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, kusan zagaye ɗaya ke nan. Allura takan yi tsalle zuwa mita 3 a daƙiƙa a gefe ɗaya na zagayen, zuciya ta riƙe wannan ta manta da ɗaya gefen da aka nutse. Matsakaici ba ya yi wa kowa kara, sai ya ce miki mita 1 ne.

Na biyu shi ne jagoran gudu bisa lissafin Paul MacCready, Ba'amurken da ya ci gasar duniya a Faransa a 1956. Kina gaya wa na'ura ƙarfin hawan da kike sa ran samu a gaba, ita kuma ta gaya miki ki ƙara gudu ko ki rage a tsakanin iska mai tashi da wata. A da zobe ne mai lambobi da ake juyawa a bakin bariyomita mai allura, kuma har gobe yana aiki. Sai dai sabon matuƙi yakan cika buri ya sa lamba babba, ya yi ta gudu har ƙasa ta matso. Ki fara da ƙarama.

Idan kina neman lambar azurfa ta hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda ke bukatar tafiyar kilomita 50, da awa 5 a sama, da ƙarin tsayi na mita 1,000, ki tabbata kina da na'urar adana bayanan tafiya da aka amince da ita. Wasu bariyomitoci suna zuwa da ita a ciki, wasu ba su da ita, kuma wannan yakan zama babban bambanci tsakanin samfura biyu masu kama da juna. Taswira kuwa, manhajar XCSoar kyauta ce, don haka ki duba ko na'urar za ta iya tura mata bayanai. Sababbin dabarun da ke tace bugun iskar gefe da na'urorin jin motsi suna da amfani, amma ni dai ba zan fara da su ba.

*Tambaya: An yi mini tayin bariyomita ta hannu daga Ingila, lambobinta a ma'aunin gudu na not suke. In karɓa?*

Not 2 kusan mita 1 ne a daƙiƙa, lissafin ba wuya, amma ya fi kyau duk allonka ya yi magana da harshe ɗaya. In mai lantarki ce, yawanci ana sauya ma'aunin a saiti; ka tambaya ko har yanzu akwai mai gyara ta. In mai allura ce, ka nemi a haɗo maka da filas ɗin da aka daidaita ta da shi, ka kuma duba ko allurar na zama daidai kan sifili a ƙasa.