Da Mendel Yana da Waya a Hannu

Wa alaikumus salam. Malama, tambayarki kan abin da masana kimiyya na can baya za su riƙa wallafawa da sun riski zamanin Facebook ta ba ni dariya, ta kuma sosa min inda ke min ƙaiƙayi.

Newton, masanin nan na Ingila, kam da ba a zauna lafiya ba. Rigimarsa da Leibniz, wani masanin Jamus, kan wanda ya fara gano lissafin kalkulas ta kai ƙungiyar masana ta Landan, wadda shi ne shugabanta, ta kafa kwamiti a 1712. Shi ya rubuta rahoton da ya ba shi gaskiya, daga baya ya yi wa rahoton sharhi bai sa sunansa ba. To irin wannan mutumin ki ba shi waya da data! Shafin bogi goma zai buɗe, kowanne na zuwa ƙarƙashin rubutunsa yana cewa Allah ya ƙara basira, Malam.

Amma wanda nake tausayi shi ne Mendel, malamin cocin da ya gano yadda ake gadon siffofi daga iyaye ta hanyar barbarar tsirrai. Na yi shekaru ina aiki a gonar gwajin wake a Samaru, na san wahalar barbarar fure da hannu. Da yamma ki buɗe furen da ɗan hantsaki ki cire namijin, da sassafe ki dawo cikin raɓa ki shafa masa garin wani furen, ki ɗaura zare don kada ya ɓace miki. Bayan girbi ki zauna da faifai kina ƙirga ƙwaya ɗaya-ɗaya. Haka bawan Allahn nan ya yi daga 1856 zuwa 1863 da waken Turawa, wanda muke kira fis, a lambun gidan ibadarsu. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884, sai a 1900 wasu masana uku suka tono aikin.

Ina hango shi ya ɗora hoton fis, ya rubuta: yau ma uku masu santsi, ɗaya mai yamutsi. Wani zai tambayi nawa ne mudu, wata ta ce a dafa da shinkafa. Amma wallahi cikin dubu ba za a rasa mutum ɗaya da zai tsaya ya ce, dakata, sake faɗin lissafin nan ba. Mutum ɗayan nan ne Mendel ya yi ta jira shekara 18, har ya rasu.