Kakin Soja da Rigar Lauya: Ana Iya Haɗa Su?

Tambaya: Ni lauya ne matashi, ina da ɗan ofishina a titin Ahmadu Bello a Kaduna. Na ji labarin wani sanatan Amurka da ya kai muƙamin Kanar a soja alhali yana aikin lauya da siyasa. Ta yaya haka ta yiwu? Zan iya yin irin wannan a nan ba tare da na rufe ofishina ba? — Mai karatu daga Unguwar Rimi

Amsa: Barista, da alama Lindsey Graham na jihar Karolina ta Kudu kake nufi. Ya yi aikin lauyan sojan sama cikakke daga 1982 zuwa 1988, ya koma gida ya kama aikin lauya mai zaman kansa, amma bai ajiye kaki ba. Ya zauna cikin sojojin ko-ta-kwana, ya shiga majalisar wakilai a 1995, majalisar dattawa a 2003, sai 2015 ya yi ritaya da muƙamin Kanar.

Tsarin ƙasarsu ne ya ba shi dama. Sojan ko-ta-kwana a Amurka farar hula ne a yawancin kwanakinsa. Yakan je bariki ƙarshen mako ɗaya a wata, da kuma mako biyu a shekara. Da maki ake lissafin hidimar: kowane zaman atisaye na awa huɗu maki ɗaya, wato huɗu a ƙarshen mako, sannan maki 15 a shekara don zama cikin rundunar. Shekarar da mutum ya tara 50 ita ce ta shiga lissafi, kuma sai ya tara irinta 20 kafin ya cancanci fansho, wanda galibi ba ya fara karɓa sai ya cika shekara 60. Akwai kuma dokar 1994 da ta tilasta wa ma'aikata ta mayar da shi kan kujerarsa idan ya dawo daga kiran soja.

Sai dai wannan dokar ma'aikacin albashi take karewa. Lauya mai ofishin kansa ba shi da ubangidan da za a tilasta wa. In aka kira shi filin daga na wata tara, waɗanda yake karewa ba za su jira ba, kuɗin haya ma ba zai tsaya ba. Shi ya sa masu daɗewa a wannan hanya galibi suna cikin babban ofishi mai lauyoyi da yawa, ko suna aikin gwamnati, kuma kowane fayil nasu akwai lauya na biyu da ya san cikinsa tun kafin kira ya zo.

A Najeriya kuwa wannan ƙofar ba a buɗe take ba. Dokar Sojoji ta ambaci dakarun ko-ta-kwana, amma waɗanda suka gama aiki ake nufi, da za a iya sake kiransu in ƙasa ta matsu. Babu tsarin da farar hula zai riƙa zuwa bariki Asabar da Lahadi ya koma kotu Litinin. Ka sa kaki, ka zama ma'aikacin gwamnati cikakke, kuma jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana irinsa gudanar da sana'a ko kasuwancin kansa, in ban da noma. Saboda haka zaɓi biyu gare ka: ka miƙa ofis ka shiga soja gaba ɗaya, ko ka zauna a ofishinka ka ƙware a dokar soja kana kare sojoji. A ganinmu na biyun fage ne da lauyoyin Kaduna suka yi wa sakaci, ga Runduna ta Ɗaya, ga barikin Jaji, ga makarantar horon hafsoshi ta NDA, ga sansanin sojan sama duk a kusa da su.

Tambaya: 'Yata ta gama makarantar horon lauyoyi ta Bagauda, tana bautar ƙasa yanzu, kuma ta nace sai soja. Ta ina za ta shiga? — Wata uwa daga Kawo

Amsa: Hajiya, Allah ya yi mata albarka. Hanyarta ita ce shigar masu digiri da ake kira DSSC, ba shigar kurata ta Depo a Zariya ba. Sojan ƙasa, na sama da na ruwa kowanne yana fitar da tallarsa daban. Ta tanadi takardar digiri, takardar rantsuwar zama lauya, takardar kammala bautar ƙasa, shaidar haihuwa da ta ƙaramar hukuma. Iyakar shekaru da tsayi tana cikin tallar kowace shekara, a karanta ta da kyau. Daga cike fom a intanet sai jarrabawa, gwajin lafiya, gudu da motsa jiki, sai ganawa da kwamitin tantancewa. Wadda ta tsallake za ta yi horon watanni, ta fito ƙaramar hafsa a sashen shari'a.

Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne saɓanin takardu: ranar haihuwa a lambar NIN ta sha bamban da ta takardar sakandare, ko suna ya zo Hauwa a nan, Hauwa'u a can. A gyara tun yanzu. Fom kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunanta, ɗan damfara ne. Ta kuma sani cewa hafsa ce kafin lauya, inda aka tura ta nan za ta, ko da yankin da ake fama da rikici ne.

Tambaya: Za a gurfanar da ƙanena a kotun soja. An ce lauyan waje ba ya shiga. Gaskiya ne? — Daga Rigasa

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Malam. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba duk wanda ake tuhuma ikon ɗaukar lauyan da yake so, kuma soja bai fita daga ciki ba. Femi Falana, wanda farar hula ne, ya kare sojojin da aka tuhuma da bore a 2014.

Kotun iri biyu ce. Babbar tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ta musamman kuwa shugaba da aƙalla biyu. Duk hafsoshi ne, ba alƙalai ba, don haka ake zaunar da lauya tare da su yana haska musu doka, amma ba ya cikin masu yanke hukunci. Lauyanku ya fara da takardar umarnin kafa kotun: wa ya sa hannu, yana da ikon haka? Sannan kafin a rantsar da mambobi ana tambayar wanda ake tuhuma ko yana da ƙorafi a kan wani daga cikinsu. Da yawa kan yi shiru don ganin girman manya, daga baya a rasa bakin magana. In akwai wanda ya sa hannu a binciken, a faɗa a lokacin, a tabbata an rubuta.

Hukuncin ba ya zama tabbatacce sai hukumar da ke sama ta amince, kuma tana iya rage shi. Sojoji 66 da aka yanke wa kisa, a Disamban 2015 aka mayar da nasu ɗaurin shekara 10. Bayan nan akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a Kaduna, sai Kotun Ƙoli. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, ku nemi kwafin bayanan zaman kotu da wuri.

Tambaya: Ni Manjo ne, ritaya ta kusa. Ina son in ƙarasa rayuwata a aikin lauya. Me zan kiyaye? — Daga Jaji

Amsa: Yallaɓai, abu na farko ka guji karatun lauya na wucin gadi, na yamma ko na ƙarshen mako. Hukumar ilimin lauyoyi ba ta karɓar irin wannan digiri, sai ka ƙare da takarda a hannu ba damar shiga makarantar horon lauyoyi. Ka nemi izinin karatu a rubuce daga rundunarka, ka shiga tsangayar da aka amince da ita, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo. Shekara biyar ce, huɗu ga mai shigar kai tsaye aji biyu, sai kusan shekara guda ta horo, sannan rantsuwa da sa suna a rajistar Kotun Ƙoli. Kuɗin lasisin aiki kafin 31 ga Maris ake biya kowace shekara, haka hatimin ƙungiyar lauyoyi ana sabunta shi.

Abin da ya fi yi wa tsofaffin hafsoshi nauyi shi ne a kotu girma da shekarar rantsuwa ake ƙirga shi, ba da anini a kafaɗa ba. Yarinyar da ta riga ka rantsuwa da shekara ɗaya za ta iya riga ka kiran shari'arta kana zaune. Ka yi shekara biyu a ƙarƙashin gogaggen lauya kafin ka zuba garatutinka a ofis, kuma kada ka karɓi shari'ar da ka taɓa sa hannu a cikinta kana bakin aiki.